Kayan da Ba Ya Rabuwa: Daga Bakin Teku Zuwa Gadar Yapei

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filinmu na hanya da kasuwa. Mun buga shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da shanu, ko suna tsaye a layin kwastan na Paga da Kulungugu.

Wata tambaya ce ta haifar da hirar. Wani mai sauraronmu da ke fataucin albasa ya ce an tsayar da motarsu a gefen titi tsakanin Walewale da Pwalugu, wai a ba wani kaya hanya. Can sai ga motar 'yan sanda da jiniya, a bayanta wata doguwar tirela mai tayoyin da ya kasa ƙirgawa, ɗauke da ƙaton akwatin ƙarfe kamar ɗaki guda, tana tafiya kamar ta hawainiya. Ya ce: "Don me ba za su raba shi gida huɗu su zuba a motoci huɗu ba, kowa ya huta? Kuma ta yaya mu ake tare mu a sikeli, shi kuwa da ya fi mu nauyi har rakiya ake yi masa?"

Tambaya ce mai kyau, Alhaji, kuma amsarta ta shafe ka, ta shafi makiyayin da ke tsallaka titi da garke, ta shafi magajiyar da tumatirinta ke jiran mota. Domin kayan nan da albasarka da shanun da ake kaiwa kasuwar Tulaku a Ashaiman, duk gada ɗaya kuke bi.

Kaya iri biyu ne

Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja sun san sirrin dako. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato da tufafi da fatu da kanwa, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga, ya koma da goro. Duk yawan kayan, madugu ya san dabara ɗaya ce: a raba. Wannan jaki ya ɗauki nasa, wancan takarkari ya ɗauki nasa, ɗan dako ya aza huhu a ka. In an zo bakin kogi a sauke, a tsallakar da kaya kaɗan-kaɗan a kwale-kwale, dabbobi su yi iyo.

Har gobe yawancin kayan duniya a kan wannan dabara suke tafiya. Kwantenar da kake gani a bayan tirela ita ce mangalar zamani. A 1956 ne wani Ba'amurke mai harkar motocin dako, Malcom McLean, ya fara loda irin waɗannan akwatuna guda 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Babbar kwantena ta yau tsawonta ƙafa 40, faɗinta ƙafa 8, kuma nauyinta da kayan cikinta bai kamata ya wuce kimanin tan 30 ba. Ka tuna tan ɗaya buhu goma ne na masara mai kilo 100.

To, akwai kayan da ba ya shiga kwantena kuma ba ya rabuwa. Ɗauki babbar taransifoma ta tashar rarraba wuta. Cikinta ƙarfe ne da naɗaɗɗiyar wayar tagulla da wata takarda ta musamman da ke raba su. A masana'anta ake haɗa ta, a busar da ita sarai, a gwada ta, a rufe. Danshi kaɗan ya shiga cikinta ta lalace. Ana iya cire mata mai da fuka-fukan sanyaya jiki a aiko su daban, amma gangar jikin dole ta zo ɗungurungum, kuma tana iya wuce tan 100. Idan muka ƙaddara bijimi guda kilo 350 ne, tan 100 ya kusa bijimai 290 a ɗaure wuri ɗaya. Haka injin da ruwa ke juyawa a madatsa, haka tukunyar matatar mai, haka gangar niƙa dutse a ma'adinar zinariya. Tambayar Alhaji ta farko ke nan: raba shi daidai yake da a yanka saniya gida huɗu a ce za a haɗa ta a kasuwa.

Yadda masu jirgi suka koyi ɗaukar ƙato

Da can, in za a kai kan jirgin ƙasa wata nahiya, sai a kwance shi gunduwa-gunduwa, a zuba a akwatuna, in an isa a ɗauki makonni ana harhaɗawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani kyaftin ɗan ƙasar Norwe, Christen Smith, ya ga asarar lokaci ce. Ya sa aka ƙera jirage masu faɗin baki da ƙarfin ƙugiya, waɗanda ke ɗaukar kan jirgin ƙasa yadda yake, su sauke shi ya hau dogo. Kamfaninsa, Belships, ya yi suna da wannan aiki a shekarun 1920. Daga nan harkar ta zama sana'a mai zaman kanta.

Yau hanya uku ake bi, kuma kowace ɗaya makiyayi zai gane ta.

Ta farko ita ce ɗagawa. Jirgin yana zuwa da ƙugiyarsa, ba ya jiran ta tasha, domin tashoshi da yawa ba su da mai ƙarfin. A 1954 wata ma'aikatar ƙera jirage ta Hamburg a Jamus, Stülcken, ta fito da wata irin ƙugiya da ke tsakanin turaku biyu masu siffar gwafa, tana aiki gaba da baya, tana ɗaga fiye da tan 100. Kamfanin Hansa na Bremen ya yi fice da ita. Yanzu akwai jiragen da ƙugiyoyinsu biyu in sun haɗa ƙarfi suke ɗaga tan 2,000, wasu har 3,000. Wahalar ba a ƙarfin ƙugiya kaɗai take ba. Da zarar kaya ya bar ƙasa ya rataya a gefe, jirgi zai karkata. Kai da ka taɓa aza wa jaki mangala ka san abin da ake yi in gefe ɗaya ya rinjaya: a ƙara dutse a ɗaya gefen. Su ma haka, sai dai dutsensu ruwa ne. Akwai tankuna a cikin jirgin, ana tura ruwa daga wannan gefe zuwa wancan daidai da motsin kayan. Shi ya sa ɗaga abu ɗaya kan ci sa'o'i.

Ta biyu ita ce turawa. Jirgi ya jingina da tasha, a shimfiɗa gadar ƙarfe, a turo kayan a kan amalanke mai tayoyi da yawa har cikinsa, kamar yadda ake koro shanu su hau mota ta kan tudun lodi. A shekarun 1980 kamfanin Scheuerle na Jamus da Mammoet na Holan suka fito da amalanken da ke tuƙa kansa, ba kan mota a gabansa. Mutum ɗaya na tafe a ƙasa da akwatin sarrafawa a rataye a wuya. Ana jona su gefe da gefe ko kai da wutsiya gwargwadon girman kaya, kowace taya kuma tana juyawa duk inda aka so.

Ta uku ita ce ta raƙumi. Raƙumi ba a ɗaga masa kaya sama, durƙusawa yake yi a ɗaura, sannan ya miƙe. Akwai jiragen da ke shan ruwa a tankunansu da gangan har bayansu ya nutse, kai kaɗai ya rage a sama. Sai a jawo kayan da ke yawo a kan ruwa, a daidaita shi, a fitar da ruwan tankuna, jirgi ya taso da kayan a bayansa. A shekarar 2000, bayan harin da aka kai wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Cole a tashar Aden ta Yaman, irin wannan jirgi ne, Blue Marlin, ya goya shi har Amurka. Babbansu da ya fara aiki a 2013, wanda yanzu ake kira BOKA Vanguard, tsawonsa mita 275, faɗinsa mita 70, yana ɗaukar fiye da tan 100,000.

Abin da ya iso gaɓarmu

Kafin a gina manyan tashoshi, jiragen da suka zo Ankara can cikin teku suke tsayawa, a sauke kaya cikin kwale-kwale, matuƙa su keto igiyar ruwa da su zuwa gaɓa. Abin da ya fi ƙarfin kwale-kwale ba shi da hanyar shigowa. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema kuma a 1962. Lura da lokacin: an fara aikin madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966. Tashar Tema da madatsar da masana'antar alminiyam ta Tema tsari ɗaya ne, domin ƙasar da ba ta da inda za a sauke manyan injuna ba ta yin wutar kanta. Ko manyan ƙugiyoyin sabon sashen kwantena na Tema da aka buɗe a 2019, daga Sin suka zo a harhaɗe, a tsaye bisa bayan jirgi.

In kana son misali daga gida, dubi matatar man Alhaji Aliko Dangote, ɗan Kano, a Lekki ta jihar Legas. Babbar tukunyar tace ɗanyen mai an ƙera ta ne a Sin, tsawonta ya kai mita 112, nauyinta ya haura tan 2,000, ta iso a ƙarshen 2019. Ba titi ko gadar cikin Legas da za ta iya da ita. Sai da kamfanin ya gina tashar jirgin ruwa ta kansa kusa da matatar. Darasin a fili yake: teku ta daina zama matsala. Matsala tana farawa ne ranar da kaya ya taka ƙasa.

Mu kuwa a nan arewa ba teku gare mu ba. Daga Tema zuwa Paga tafiyar ta haura kilomita 800, kuma tsohon layin dogo a Kumasi ya tsaya, bai taɓa isowa Tamale ba balle Bolgatanga. Amma manyan kaya suna ta zuwa. An buɗe madatsar Bui a kan Baƙin Volta a 2013. A Oktoban 2018 shugabannin Gana da Burkina Faso suka buɗe layin wuta mai ƙarfin kilobolt 225 daga Bolgatanga zuwa Wagadugu. A gundumar Talensi, nan kusa da mu, ga babbar ma'adinar zinariya ta Namdini. Ga kuma kayan Burkina da Mali da Nijar da ke sauka a Tema su wuce ta ƙofarmu. Duk wani aiki irin wannan, ka tabbata akwai ƙaton ƙarfe a bayansa da ya biyo titi.

Sirrin tayoyi masu yawa

Yanzu ga tambayar Alhaji ta biyu, ta sikeli. Kwalta ba ta san jimlar nauyin mota ba. Abin da take ji shi ne nauyin da kowane aksil ya danna mata, wato ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi dama da hagu. Ka dubi raƙumi da jaki a cikin rairayi: raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma tafinsa faffaɗa ne, bai cika nutsewa ba.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce taransifoma tan 110 ce, amalanken da ke ɗauke da ita tan 50, jimla 160. In aka raba a kan layin aksil 16, kowane layi tan 10 ya ɗauka. Kowane layi yana da tayoyi takwas, ka ga tayoyi 128 ke nan, shi ya sa Alhaji ya kasa ƙirgawa. Ƙarƙashin amalanken kuma akwai famfunan mai da ke ɗaga wannan taya su sauke waccan, ta yadda ko an shiga rami kayan na nan a miƙe, kuma ba tayar da ke ɗaukar fiye da rabonta.

Yanzu ɗauki tirela mai aksil shida, wadda muke ce wa atikileta, da aka danƙara mata kaya har tan 90. Kowane aksil tan 15 ke nan. Wani babban gwajin titi da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da aksil ke yi wa kwalta ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba, tsalle take yi. In ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar ta kai kimanin ninki 16. Bisa wannan lissafi, aksil mai tan 15 yana cin titi kimanin ninki biyar na mai tan 10. Ga shi kuma ƙaton kayan nan sau ɗaya zai wuce, motoci masu lodin wuce kima kuwa kullum ne, dare da rana.

Saboda haka ne ƙasashe masu amfani da sefa, a ƙarƙashin ƙungiyar UEMOA, suka kafa doka mai lamba 14 a 2005. Ta ƙayyade tan 11 da rabi ga aksil guda, da tan 51 ga tirela mai aksil shida. Gana tana da nata ƙa'idojin da nata sikeloli, kuma Hukumar Manyan Hanyoyi ta Gana ce ke kula da su. Ita ce kuma ke ba da izini na musamman ga kayan da girmansa ko nauyinsa ya wuce ƙa'ida. Izinin nan na kayan da ba ya rabuwa ne. Buhun siminti da na shinkafa da na albasa suna rabuwa, don haka ba su da wannan uzuri.

Kafin kayan ya bar Tema, injiniyoyi sukan bi hanyar tun daga farko har ƙarshe. Su auna faɗin kowace kwana da shataletale, su auna tsayin wayoyin wuta da allunan da suka gitta titi, su duba hawa da gangara. Shi ya sa irin wannan kaya ya fi bin babbar hanyar Kumasi, Techiman, Kintampo, Tamale, ba ya son hanyar gabas ta Yendi zuwa Bawku mai hawan dutsen Nakpanduri. A jikin taransifoma har wata 'yar na'ura ake liƙawa mai rubuta duk girgizar da ta sha a hanya. In an isa aka ga ta sha jijjiga fiye da kima, sai an sake bincikar cikinta kafin a sa mata wuta. Direban da ka ga yana rarrafe ba tsoro yake ji ba, ya san akwai mai ba da shaida a kansa.

Gada ita ce alƙali

A kan gada lissafin ya sauya. Kwalta tana da ƙasa a ƙarƙashinta, gada kuwa a rataye take tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ita jimlar abin da ke kanta a lokaci ɗaya take ji. Shi ya sa in ƙaton kaya zai tsallaka ake tsayar da kowa. Shi kaɗai zai hau, ya bi tsakiya, ya yi tafiyar mai ƙafa, ba birki ba sauya giya. In aka bar tirela biyu suka hau tare da shi, lissafin injiniya ya rushe. Minti talatin ɗin da aka tsayar da kai, gadar ake saya wa rai.

Mu 'yan arewa mun ɗanɗana abin da rashin gada ke jawowa. Duk wanda ya taso daga kudu ta babbar hanya sai ya tsallaka Baƙin Volta a Buipe, ya tsallaka Farin Volta a Yapei, ya sake tsallaka shi a Pwalugu. A ƙarshen 2017 hukuma ta rufe gadojin Buipe da Yapei na tsawon makonni don gyara, saboda sun gaji. Waɗanda suka yi tafiya a lokacin ba su manta ba. Wasu suka zagaya ta Bole da Wa, wasu ta hanyar gabas, wasu suka yi layi a Yeji suna jiran jirgin fito zuwa Makango, su ɓullo ta Salaga. Kuɗin mota ya hau, kayan gwari suka sha wuya, dabbobin da ke cikin mota suka ƙara kwana a tsaye. A kudu ma an gani: gadar Adomi da aka gina a 1957 an rufe ta daga 2014 har ƙarshen 2015, jama'a suka koma fito a Senchi.

To ka ga inda zancen ya dosa. Gadar da lodin wuce kima ya raunana, ranar da aka zo da taransifomar da za ta ƙara mana wuta, ba za ta iya da ita ba. Ranar da aka rufe ta kuma, ba mai siminti kaɗai zai yi kuka ba. Mai shanu da mai albasa da mai tumatir su ne farkon shan wahala, domin nasu kayan ba ya jira.

Ruwan da ke tsakiyar ƙasa

Wani zai ce, tun da ruwa ya fi ƙasa iya ɗaukar nauyi, me ya hana a bi tafkin Volta? Tunanin ba sabo ba ne. Tun kafin madatsa, gishirin Ada a kwale-kwale yake haurowa kogin, kuma a zamanin Turawa har tashar Tamale ake kiran Yapei. Bayan tafkin ya cika an kafa kamfanin sufurin tafkin Volta a 1970. Jiragensa kan turo manyan kwale-kwalen ƙarfe masu shimfiɗaɗɗen baya daga Akosombo zuwa Buipe, tafiyar da ta haura kilomita 400, ɗauke da mai da siminti. Daga Buipe akwai bututun mai na kamfanin BOST har ma'ajiyar Bolgatanga. A 2024 kuma aka buɗe layin dogo na kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin, da nufin a haɗa teku da tafki.

Sai dai tafkin yana da nasa sharuɗɗa. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a ƙasa. In ruwa ya ja da rani, duwatsun Debre sukan hana manyan jirage isa Buipe. Kuma ko kaya ya sauka lafiya a Buipe, gadar Yapei da ta Pwalugu suna gabansa. Duk da haka, kowane tan da ya bi ruwa hutu ne ga titin Kintampo, kuma abu ne da ya dace shugabannin 'yan kasuwa su riƙa tambayar wakilansu a kai.

In ka haɗu da shi a hanya

Malam makiyayi, da kai za mu fara. In ka ga motar rakiya da jan tuta ko fitila mai walƙiya, ka san babban yana baya. Kada ka ce bari in yi sauri in tsallakar da garke. Abin nan a hankali yake tafiya amma ba ya tsayawa farat ɗaya, kuma ba ya kaucewa. Ka janye shanu nesa da titi, ka sa yara su tsaya ta gefen da jiniya za ta fito, domin saniya ɗaya in ta firgita sauran binta za su yi. Kada ka tara dabbobi a bakin gada ko a ƙarƙashinta. Inda kuma ka ga ma'aikatan wuta sun ɗaga waya ko sun sauke ta don kayan ya wuce, ka sauke sandarka daga kafaɗa, kada kowa ya matsa sai sun ce an gama. Waya a ƙasa ba shaidar cewa ba wuta a cikinta ba ce.

Direba da mai babur da mai motokin, kada ku yi gaggawar wuce shi. Kayan ya fi amalanken faɗi, in zai sha kwana kuma wutsiyarsa tana sharo gefen da ba ka zata ba. Mai tuƙin ba ya ganinka, da rediyo ake gaya masa abin da ke bayansa. Jira mai rakiya ya ba ka hannu.

Hajiya mai kayan gwari da Alhaji mai dabbobi, ku riƙa tambaya a tasha kafin lodi. Direbobin da suka fito daga kudu sun san inda ayarin ya kwana, domin yakan yi kwanaki a hanya. In an ce yana tsakanin Tamale da Walewale, gara ka jinkirta lodin shanu da 'yan sa'o'i su sha ruwa su huta a ƙasa, da su tsaya cikin mota a rana. Mai rumfa a bakin titi kuma, in aka zo aka ce a matsar da rumfa ko a sare reshen bishiya don kaya ya wuce, kada a yi rigima, kada kuma a yarda da baki kawai. A kira ɗan majalisar unguwa ko sarkin zango ya zama shaida, a rubuta wanda zai mayar da abin yadda yake.

Na ƙarshe ya fi ɗaci, amma gaskiya ce. Mu 'yan kasuwa mu ne kan matsa wa direba: "Ƙara buhu hamsin mana, ai motar za ta iya." Motar za ta iya, gadar ce ba a tambaya ba. Ribar buhu hamsin ɗin a aljihun mutum ɗaya take shiga, zagayen Wa kuwa kowa ne ke biya. Masu ƙaton kayan nan sun kashe kuɗi sun ƙara tayoyi, sun auna hanya, sun yi tafiyar hawainiya don su raba nauyin da ba ya rabuwa. Namu da ke rabuwa cikin sauƙi, ba mu da hujjar tara shi a mota ɗaya. Madugan Salaga ba su taɓa aza wa jaki ɗaya kayan jakai biyu ba, domin sun san tafiyar da nisa, kuma gobe ma za a dawo.

Alhaji mai albasa, muna fatan ka samu amsa. Duk mai ƙarin tambaya ko gyara ya aiko mana ta hanyar da aka saba, ko ya ba wakilanmu a ranar kasuwar Bolga ko ta Bawku. A shiri na gaba za mu duba batun sakin ruwan madatsar Bagre da yadda makiyayan bakin Farin Volta za su shirya masa tun kafin damina ta yi nisa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a dukiya da kasuwa. Sai mun sake haɗuwa.